Kwana Goma Sha Tara Ina Rubuta Ɗaya

Na kusa shekara arba'in da bakwai lokacin da na fara zama a ajin yaƙi da jahilci na unguwarmu a Wudil. Karatun allo na yi shi tun ina yaro, amma boko ban taɓa shiga ba. Sana'ata noman rani a bakin kogi: albasa, tumatir, da ɗan tattasai idan shekara ta yi kyau. Abin da ya kai ni aji bai wuce bayan kwalbar maganin feshi ba. Na gaji da tare mutane a hanya ina roƙon su karanta mini murfi nawa ake zubawa a tanki.

Sau uku a mako muke zama, bayan la'asar, a wani aji na firamare, a kan bencinan da aka yi don yara, gwiwoyinmu suna dukan tebur. Malaminmu tsohon hedimasta ne da ya yi ritaya. Ba shi da faɗa, kuma ba shi da yawan bayani. In ka kai masa littafinka ya ga kuskure, ba zai nuna maka inda yake ba. Zai turo maka littafin da yatsa ɗaya ya ce, "Sake." Ka koma ka zauna, ka goge, ka gyara abin da kake zaton shi ne, ka dawo. In bai yi ba, "Sake." In ya yi, ya gyaɗa kai ya ja jan biro. Abin da na ɗauka a wurinsa, ban da baƙi da lamba, shi ne idan aka ce maka sake, to kai ne ba ka gane ba, kuma maganin abin ka yi ta canzawa har a gyaɗa kai.

A shekarata ta biyu, wajen ƙarshen damina, wani malamin jami'a ya zo ajinmu. Dakta ake ce masa, amma ba na asibiti ba. Yana nazarin yadda kogi yake hawa da sauka, kuma yana neman wanda zai riƙa duba masa ruwa kowace safiya. Shi wanda ya gama sakandare yake so. Malam ya ce masa masu sakandare yau suna nan, gobe sun tafi Kano neman aiki, amma ga mutumin da shekara talatin bai taɓa fashin zuwa bakin kogi ba, kuma ya iya lamba har dubu. Ya nuna ni. Dakta ya dube ni, ya dubi hannuna, ya ce zai gwada ni wata shida. In na riƙe, aikin nawa ne. In ban riƙe ba, zai karɓi wayar da zai ba ni don aikin ya ba wani.

Ɗan abin da ake bayarwa a kan aikin bai kai a yi maganarsa ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, tun da aka haife ni ba a taɓa ba ni wani aiki don na iya karatu ba, sai wannan. Kuma Malam ne ya tsaya mini a gaban aji.

Aikin ba shi da wuya. An kafa wani dogon ƙarfe a cikin ruwa, kusa da gaɓa, ɗan ƙasa da gonata. A jikinsa an ɗaura farin allo mai zane-zane baƙi da ja, an rubuta lambobi daga sifili a ƙasa har ɗari huɗu a sama. Santimita ake ce wa kowane zane. Ƙarfen ya zarce allon ya shiga cikin yashi. Bayan sallar asuba, idan gari ya yi haske, sai in je in ga inda ruwa ya yanke allon, in karanta lambar, in sa a waya.

Wayar abu ɗaya kawai aka bar mata. Dakta da kansa ya rubuta manhajar da ke ciki, kuma ya sa ta yi Hausa saboda ni. Kana kunnawa za ta rubuta, "Nawa ruwa ya kai yau?" Ka danna lamba, ka danna kore. In ta yarda ta ce, "An karɓa. Na gode." In ba ta yarda ba ta ce, "Ba daidai ba. Sake." Sai ta share abin da ka rubuta ta maido tambayar. Da na fara ganin kalmar nan a gilashinta sai na ji kamar na san wayar tun da daɗewa.

A watannin farko ta kama ni sau da yawa, kuma duk da gaskiyarta. Yatsuna manya ne, sun yi kanta saboda fartanya. Ina son in rubuta 185 sai takwas ta fito biyu, ya zama 1885. Ta ce sake. Wata rana na danna kore ban rubuta komai ba. Ta ce sake. Wata rana kuma, don ina jin daɗin na iya rubutu, na rubuta lambar da kalmomi, ɗari da saba'in. Ta ce sake. Duk lokacin da ta maido ni, in na duba sai in ga ni ne. Ta haka na yarda da ita fiye da yadda na yarda da idona.

Sau ɗaya ne ta bar kuskure ya wuce. Na karanta 125 na rubuta 152, ta ce an karɓa, ta gode. Ban sani ba sai ƙarshen wata, lokacin da Dakta yakan zauna ya duba abin da na aika. Ya kira ni a ƙaramar wayata ya ce, "Baba, ranar Talata kaza ruwa ya tashi kusan talatin ya koma washegari. An yi haka?" Na ce ba a yi ba. Ya ce to ya gane, na juya lambobin ne, ya gyara. A lokacin ban tsaya na yi tunanin abin ba. Na ɗauka mantuwa ta yi, kamar yadda Malam ma yakan ja jan biro a kan kuskure idan magariba ta matso.

Ina da taubashi, ɗan ƙanwar mahaifina, masunci ne. Kusan kullum lokacin da nake duba allo shi yana dawowa daga duba komarsa. Tun ranar farko ya sa mini suna Injiniya. "Injiniya, bawan gidanmu, yau nawa kogin ya ci a jarrabawa?" In na faɗa masa lambar sai ya ce shi da gwiwarsa yake aunawa, kuma gwiwarsa ba ta buƙatar caji.

Da bazara ta shigo ruwa ya yi ta sauka, kamar yadda ya saba. Sai dai a shekarar masu ɗibar yashi sun matso kusa da mu. Tifofi suna shiga suna fita tun safe har yamma, sun yi rami mai zurfi ƙasa da ƙarfen, ruwan ya riƙa zurarewa can. Na aika arba'in, na aika ashirin da biyu, na aika tara. Aka shiga wata na shida, watan ƙarshe na gwajina, ina aika huɗu, uku, biyu.

Wata safiyar Lahadi na tarar ruwan ya tsaya daidai bakin allon na ƙasa, a kan zanen sifili. Na tsuguna na duba da kyau, na jira ɗan motsin ruwan ya kwanta. Sifili ne. Na danna sifili, na danna kore.

"Ba daidai ba. Sake."

Na goge gilashin da bakin riga na sake dannawa. Ta maido ni. Na ce ko sifili biyu take so, tunda wasu lambobin uku-uku ne. Na ba ta biyu, na ba ta uku. Ta maido ni. Na rubuta sifili da kalma. Na rubuta babu. Na danna wurin komawa baya, tambayar ba ta gusa ba. Na kashe wayar gaba ɗaya na kunna, ta buɗe da tambayarta, nawa ruwa ya kai yau. Babu wata ƙofa a cikinta sai wannan.

Ban san sau nawa na gwada ba. Na dai san rana ta ɗaga har ta fara dukan ƙeyata, kuma alamar cajin ta ragu. Taubashina ya zo wucewa da ƙwaryar kifinsa.

"Injiniya, gadin ƙarfen aka ƙara maka? Na tafi kana tsugune, na dawo kana tsugune."

"Ta ƙi karɓa."

"Me ka ba ta?"

"Abin da na gani. Sifili."

"To ai da gaskiyarta. Ni ma in ka zo gidana hannu biyu ba zan ce na gode ba." Ya ajiye ƙwaryar ya leƙa. Bai iya karatu ba, amma ya ga jan rubutun. "Jiya me ta ci?"

"Biyu."

"To ba ta ɗaya mana. Tsakanin ɗaya da babu ai kaurin farce ne. Albasarka tana can tana jiran ruwa, kai kana nan kana lallashin waya kamar amarya."

Ba zan ɗora masa laifin ba. Kafin ya faɗa na riga na yi tunanin haka. Na danna ɗaya. "An karɓa. Na gode." Na ji sanyi a ƙirjina, irin wanda nake ji idan Malam ya gyaɗa kai. Na sa wayar a aljihu na tafi na tayar da injin ban-ruwa.

Washegari ruwan ya bar allon. Tsakaninsa da bakin allon akwai kaurin yatsa biyu, ƙarfe tsirara. Yanzu babu ma zanen da zan karanta. Na sake gwada sifili sau biyu, na rubuta yatsa biyu ƙasa, ta maido ni. Na ba ta ɗaya.

Ina da ƙaramar wayata, kuma lambar Dakta tana ciki. Na san kowa zai tambaya me ya sa ban kira shi ba, kuma shi ma ya tambaya daga baya. Abin da ya hana ni kira shi ne na tabbata akwai wata hanyar rubuta abin da duk ɗan sakandare ya sani, ni ne ban kai wurin ba. Saura mako uku gwajina ya ƙare. In na kira na ce waya ta fi ƙarfina, na ba shi dalilin da yake nema tun ranar da ya dubi hannuna. Na ce bari in lallaɓa, wataƙila ruwan ya dawo, ko kuma in gano da kaina.

Na ma gwada ganowa. A aji ranar Laraba na ɗaga hannu na ce, "Malam, wai akwai lamba ƙasa da sifili?" 'Yan aji suka yi dariya. Wani mai gyaran keke da ke zama bayana ya ce, "Akwai, ita ce aljihunka." Malam ya cire tabarau ya ce, "Akwai. Amma ba na ajinku ba ne. Ku gama rabawa tukuna." Bai tambaye ni dalili ba, ni ma ban faɗa ba.

Jikina bai ba ni in bar abin haka kawai ba. A gidanmu idan za a sayo wa yara takalmin salla ba a ɗaukar su zuwa kasuwa. Ana samun kara a auna ƙafar kowa, a karya daidai tsawonta, a tafi da karan a aljihu. Mahaifina haka ya yi mana, ni ma haka nake yi wa nawa. Don haka tun rana ta biyu na zare kara ɗaya daga dangar gonata, na kafa kansa a bakin allon, na sauke shi har ya taɓa ruwa, na yanke da wuƙa. Na kankare bayansa na rubuta Litinin da biro. Washegari na yanki wani. Na riƙa ɗaure su da zare bi da bi, kamar ana saƙa asabari, ina ratayewa a cikin bukkar da nake ajiye inji. Ban yi don in nuna wa kowa ba. Na dai ga in ranar da na koyi lambar ta zo, zan so in san abin da ya kamata in rubuta.

Kullum karan yana ƙara tsawo. Daga kaurin yatsa biyu ya kai tsawon yatsa, ya kai taƙi, ya wuce. Kullum kuma ina ba wayar ɗaya tana gode mini. Daga baya na daina gwada komai kafin in ba ta. Kwana goma sha tara aka yi haka.

A rana ta ashirin, da hantsi, ina cikin fangalin albasa na ga motar Dakta ta tsaya a kan gaɓa. Bai kira ya ce zai zo ba. Ya sauko da jakar kwamfutarsa a kafaɗa. Muka gaisa, amma gaisuwar ba ta yi tsawo ba. Bai tambayi iyali ba.

"Baba, na zo karɓar waya."

Na ce to. Na wanke hannu a bakin mesa, na ciro ta daga aljihu.

Bai karɓa nan da nan ba. Ya buɗe kwamfutar a kan murfin tankin feshi ya juyo mini da ita. Wani layi ne ya taso daga hagu yana gangarowa a hankali, yana 'yan karkace-karkace, sai ya zo ƙasa ya miƙe sambal kamar an ja shi da rula.

"Wannan aikinka ne na wata biyar," ya nuna gangaren. "Ba ni da ƙorafi a kansa. Wannan kuma kwana goma sha tara ne. Ɗaya, ɗaya, ɗaya. Baba, kogi ba ya tsayawa wuri guda kwana goma sha tara. Mutumin da yake danna waya daga kan shimfiɗarsa shi ne yake tsayawa wuri guda. Na riga na yi magana da wani."

Na ce, "Ranka ya daɗe, kafin ka tafi, mu je ka ga ƙarfen."

Muka gangara. Ya tsaya a bakin ruwa ya daɗe yana kallo. Allon yana sama a bushe, har gizo-gizo ya yi saƙa a bayansa, ruwan yana can ƙasa yana lasar ƙarfe. Ya cire takalmi, ya naɗe wando, ya shiga. Ya ciro tef daga aljihu ya auna daga bakin allon zuwa ruwa.

"Talatin da ɗaya," ya faɗa, ba da ni yake ba. Ya miƙo hannu na ba shi wayar. Ya danna wani ɗan gajeren layi, sannan uku da ɗaya. A nan na fara ganin yadda ake rubuta lambar da ke ƙasa da sifili. Ya danna kore.

Daga inda nake tsaye na hango jan rubutun. Ya sake gwadawa, ta maido shi. Ya danna sifili, ta maido shi. Ya tsaya cikin ruwa yana kallon wayar a hannunsa.

Da ya fito ya zauna a gindin mangwaron da ke kan gaɓa ya ce, "Tun yaushe?" Na faɗa masa. Ya ce, "Me ya sa ba ka kira ni ba?" Na faɗa masa wannan ma, yadda na rubuta shi a nan, ban rage ba.

Ya ce, "Da ka bar kwanakin nan babu komai, da na san ban sani ba. Da na zo tun mako biyu da suka wuce. Amma ka ba ni ɗaya, na zauna ina zaton na sani. Ka gane bambancin?"

Na ce na gane.

"Yanzu kwana goma sha tara sun tafi, kuma su ne kwanakin da na fi buƙata a duk shekarar."

Na tashi na shiga bukka na ɗauko karan. Na shimfiɗa su a ƙasa a gabansa, gajere a hagu, dogo a dama, kowanne da sunan ranarsa. Sha takwas ne, don ranar farko sifili ce, babu abin yanka. Ya tambayi mene ne, na gaya masa yadda ake sayen takalmin salla. Ya ce su ma a garinsu haka ake yi, amma da zare. Ya ɗauki tef ya fara aunawa ɗaya bayan ɗaya, ni ina karanta masa ranar, shi yana rubutawa. Biyu daga ciki ya sa musu alamar tambaya, don ya ce bakinsu ya tauye wurin yanka. Sauran ya karɓa.

Bai sake maganar karɓar waya ba. Ya jawo kwamfutar ya buɗe wani shafi mai rubutu ƙanana, launi-launi, ya ce in matso. Ya sa yatsa a kan wani layi.

"Ga mai laifin. Wannan layin cewa yake: muddin abin da aka ba ka ba lamba ba ce daga ɗaya zuwa ɗari huɗu, ka ce ba daidai ba, ka koma farko ka sake tambaya. Zagaye ne. Yana kaiwa ƙarshe ya dawo."

"Har sau nawa?"

"Ban gaya masa ba."

"To in mutum bai da abin da yake so fa?"

"Sai su kwana a nan." Ya shafa kansa. "Na hana sifili ne don na ɗauka duk wanda ya danna sifili hannunsa ne ya zame. Da na kafa allon nan na tambayi mutane, aka ce ruwa bai taɓa sauka nan ba. Sai na rubuta shi a kan cewa in an samu saɓani, mai karatu ne ya yi kuskure. Ban bar wurin da kogi zai yi abin da ban zata ba."

Na ce to ya cire layin mana, ta riƙa karɓar duk abin da aka ba ta.

"Sai ta karɓi dubu ɗaya da ɗari takwas ɗin da babban yatsanka yake aiko mini? Ina ganin duk wanda ta maido, ai tana ajiyewa." Ya ɗan tsaya. "Tana ajiyewa, ni ne ban duba ba. Da na duba da na ga sifilinka." Ya buɗe wani wuri ya gangara da yatsa. Ranar Lahadin nan kaɗai ta cika shafi ta wuce. Ya rufe.

A nan gindin mangwaron ya gyara ta, ya kai kusan azahar. Yana yi yana tambayata. Ya ce in ta ƙi abu, me zan so ta ce? Na ce ta faɗi dalili, kada ta ce sake kawai. Ya sa in an ba ta kalma ta ce, "Lamba nake so, ba kalma ba." In lamba ta yi yawa ta ce, "Allon ya tsaya a ɗari huɗu. Duba ka gani." Ya sa ta riƙa ƙirga ƙinta: in ta maido mutum sau uku, a na huɗu ta daina gardama, ta ce, "Rubuta abin da ka gani," ta karɓi ko mene ne, ta aika masa da jar alama don ya kira. Ya ƙara maɓalli na ruwan da ya sauka ƙasa da allo, inda zan auna da tef in sa lambar, ita ta sa ɗan layin da kanta. Ya ƙara wani na ranar da ban iya dubawa ba, don in fita ba tare da na ƙirƙiri komai ba. Ya tuna da 152 ɗin nan, ya sa in lambar yau ta yi nisa da ta jiya ta tambaya ko na tabbata, amma kada ta hana.

Na ce saura ɗaya. Ya ce wanne? Na nuna masa wata tsamiya can sama da gonata, na ce a rayuwata sau biyu na ga ruwa ya kai saiwarta, kuma saiwar ta fi kan ƙarfensa tudu. Ya dubi tsamiyar, ya dubi ƙarfen, ya ƙara maɓalli na ruwan da ya rufe allo.

Da ya gama ya ce in yi ƙoƙarin rikita ta. Na ba ta kalma, na ba ta fili, na ba ta dubu tara. Kowanne ta faɗi abin da ya dame ta, a na huɗu ta buɗe mini hanya. Taubashina ya iso a lokacin, ya ji ana neman mai ɓata abu, ya ce wannan aikin gadonsa ne. Ya dafa gilashin da tafin hannunsa mai ƙarnin kifi, haruffa da lambobi suka cika wurin. Ta ce lamba take so. Ya ƙara yi sau uku, ta ce ya rubuta abin da ya gani. Na karanta masa. Ya ce, "Gaya mata na ga Injiniya da ubangidansa sun bar aiki suna wasa da waya." Dakta ya yi dariya, karo na farko a ranar.

Da zai tafi ya ɗauki damin karan ya sa a bayan mota. Ya ba ni tef ɗinsa. Wayar tana kan tabarma tsakaninmu.

"Baba, ba zan ce ka ci gwaji ba. Rabin laifin nawa ne, amma ɗayan nan da hannunka ka danna shi, kana sane ba shi ka gani ba. Na ƙara maka wata biyu. Duk ranar da ta ƙi ka, ko ta karɓa amma ranka bai kwanta ba, ka kira ni. Ko kana ganin wauta ce."

Na ce na ji. Ya ce shi zai sallami wanda ya yi wa magana.

A cikin wata biyun na kira shi sau huɗu. Uku daga ciki wauta ce, ya amsa a taƙaice. Na huɗun, wata tifa ce ta goga ƙarfen da baya ya ɗan karkata, lambobin da nake karantawa duk suna cikin iyaka, waya tana karɓa ba musu, amma na san ba daidai suke ba. Ya zo washegari da mai walda suka miƙar da shi.

Ranar da wata biyun suka cika bai kira ba, ni ma ban tuna masa ba. Ruwan sama ya riga ya sauka, kogi ya dawo kan allo yana hawa. Bayan kamar mako guda ya kira da safe yana tambayar ko a ajinmu akwai wanda gonarsa take bakin ruwa can gaba da mu, don yana so ya kafa ƙarfe na biyu. Na ce akwai mutum biyu, amma ɗaya bai gama lamba ba tukuna. Ya ce in kawo masa wanda ya gama ranar Asabar, kuma ni zan nuna masa yadda ake yi. Sannan ya tambayi nawa ruwa ya kai, na ce sittin da huɗu, ya ce ya gani, ya kashe.